Jegon Kifin Shitu

A zamanin da dalar gyaɗa take tsaye a Kano, an yi wani mutum a Ƙafin Maiyaki ana ce masa Shitu. Tun da uwarsa ta haife shi ba wanda ya taɓa jin ya ce "ban sani ba." In an ce rana ta yi zafi, sai ya ce ai ba a ga komai ba, shi ya taɓa ganin ranar da ta dafa ƙwai a aljihun ɗan doka. Ya ɗan taɓa zama a Kano yana ban ruwan fulawa a gidan wani Bature, to wannan ɗan zaman shi ne ya ƙarasa lalata shi.

Da Baturen zai koma ƙasarsu, Shitu ya hau motar gyaɗa ya sauka a Kwanar Dangora, ya ƙaraso gida a kan jaki ɗauke da abu biyu. Na farko gashin baki ne, wanda ya tara a birni, ya murɗe shi hagu da dama kamar ƙahon rago. Kullum safiya sai ya shafa masa man shanu kafin ya gaisa da kowa, kuma ko matarsa Balaraba ba ta isa ta taɓa shi ba. Na biyu kuwa akwatin gilashi ne da Baturen ya bar masa, da wasu 'yan kifaye guda biyu a cikin garwa, waɗanda ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba. Ɗaya siriri ne mai wutsiya ja da shuɗi, Shitu ya sa masa suna Kyaftin. Ɗayar kuwa toka-toka ce, ga ƙaton ciki, ita ce Misisi, wato uwargida a bakin Turawa.

Ya girke akwatin a zaure, ya cika shi da ruwan rijiya, ya zuba ciyawar ruwan da aka haɗo shi da ita. Balaraba ta leƙo ta duba, ta sake dubawa.

"Maigida, waɗannan ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba."

"Miya? Ke kina jin kifin Ingila ki ce miya? Rufe min baki, kada su ji."

Ranar kasuwa ya nufi rumfar Uba wanzami, inda maza ke taruwa ana aski ana gulma. Shi Uba taubashin Shitu ne, wasa tsakaninsu tun suna yawo ba wando, kuma tun ranar da ya ɗora ido a kan gashin bakin nan hannunsa yake ƙaiƙayi.

"Jama'a," in ji Shitu, "ni fa kifina ba irin tarwaɗarku ta fadama ba ce. Nawa ba ya ƙwai. Haihuwa yake, ɗa ya fito da ransa da idonsa, kamar yadda akuya take yi."

Uba ya ɗaga aska daga kan wanda yake yi wa aski. "To in ta haihu, wa yake yanke cibiya?"

"Kai dai jahili ne."

"Na yarda. Nonon kuma a ina yake, a wutsiya?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Shitu ya ji abin har cikin ransa, ya miƙe ya kama gefen gashin bakinsa. Ya ce kowa ya zama shaida: Misisi tana gab da sauka, kuma ranar suna zai fito da ita da jariranta a gaban mai unguwa. In ba a ga uwa da ɗa da rai ba, Uba ya aske wannan gashin bakin a bainar jama'a. In kuwa an gani, Uba zai ɗora akwatin a ka ya zaga kasuwa yana cewa Shitu ya fi shi.

"Har da man shanun zan aske?" in ji Uba.

"Har da shi."

"Allah ya sauki Misisi lafiya," in ji Uba, ya ci gaba da wasa askarsa a tafin hannu.

Abin haushin, a wannan karon Shitu ba ƙarya ya yi ba. Ba a daɗe ba, wata safiya ya leƙa akwati ya ga wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, ido biyu da wutsiya, sun fi ashirin, suna labewa cikin ciyawa. Ya fito ƙofar gida ko hula babu yana ihu, "Ta sauka! Ta sauka!" Maƙwabta suka fito a guje suna yi wa Balaraba barka, ita kuwa tana tsaye da taɓarya a hannu tana kallonsu.

Shitu ya ga yadda Baturen yake yi in kifi ya haihu. Yakan kwashe jariran nan da nan ya sa su a kwalba daban, ya bar musu ciyawa mai yawa, ya murje musu abinci ya zama gari. Shitu ya gani da idonsa, ba sau ɗaya ba. Amma ya riga ya yanke wa abin hukunci tun yana Kano.

"Rashin tausayi ne irin na Turawa," ya ce wa masu barka. "Su ko nasu 'ya'yan haka suke musu. A haifi yaro yau, a kai shi wani ɗaki shi kaɗai a cikin keke, ya ɗan tasa a sa shi a jirgi a tura Ingila. Mu nan Musulmi ne. Ɗa yana wajen uwarsa."

Mata suka ce wallahi ya yi gaskiya. Wannan yabon ya hau kansa, ya naɗe hannun riga ya tsame ciyawar nan kakaf ya watsa wa akuya.

"Yaya za a yi ta shayar da su suna ɓuya a daji? Yanzu ga ta ga 'ya'yanta."

Lalle kuwa Misisi ta ga 'ya'yanta. Ta bi wannan, ta bi wancan, jarirai suna watsewa. Mata suka yi ta cewa Allah sarki, dubi yadda take tattara su.

Da hantsi sai ga Gwaggo Dije, tsohuwar ungozomar unguwa, wadda rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo. Idonta ya yi rauni amma bakinta bai yi ba. Ta dogara sanda ta tsaya a kan akwati.

"Shitu, an ce an yi haihuwa a gidan nan ba a kira ni ba."

"Gwaggo, ai abin ne ya zo ba shiri."

"Maijegon ta sha kunun kanwa?"

"Gwaggo, kifi ce fa."

"Haihuwa ta yi ko ƙwai?"

"Haihuwa."

"To jego ya hau kanta. Ko so kake sanyi ya shige ta, nono ya ƙi zuwa?"

Mutum mai hankali da sai ya ba tsohuwa goro ya sallame ta. Shitu kuwa ya dubi matan da suka zuba masa ido, ya ga ba zai yiwu a ce akwai abin da Gwaggo ta sani shi bai sani ba. Ya ce ai dama yanzu yake shirin aikawa a dama, har a gidan Bature ma da kunun kanwa ake yi, sai dai su a kofi suke ba ta. Balaraba ta dama kunu, ya sha kanwa da yaji, Shitu ya kamfato ludayi guda ya tuttula a akwati.

Nan take ruwa ya koma fari fat. Ba a ganin Misisi, ba a ganin Kyaftin, balle jarirai. Can sai ga bakuna biyu a saman ruwa suna buɗewa suna rufewa.

"Ka gani ko?" in ji Gwaggo. "Ƙari take nema."

Shitu dai ya zabura. Ya ce a gidan Bature in an ba da kunu sai a sake ruwa nan take, ya rarumi ƙwarya ya shiga kwasa yana watsarwa a tsakar gida, Balaraba tana jawo sabo daga rijiya. Kajin gidan suka taru inda yake watsa ruwan suna ta tsattsaga da murna. Sai da ruwa ya washe ya lura jariran sun ragu, ya dubi kaji, kaji suka dube shi.

Kafin ya gama wannan jimamin, Gwaggo ta riga ta sa an ɗora tukunya a murhu, ta aika an karyo mata ganyen darbejiya. Wankan jego ba ya jira. Ta zura hannu a akwati tana lalube, ta damƙo mai jar wutsiya.

"Gwaggo, wannan mijin ne!"

"Kai tafi can. Namiji ne zai yi wannan kwalliyar? Na yi wa uwarka wanka, yau kai za ka nuna min mace?"

Ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa ta fyaɗa wa Kyaftin a cikin ƙwarya, ta sake fyaɗawa. Kyaftin ya yi wata 'yar miƙa, ya juya cikinsa sama, ya yi fari.

"Ta ji daɗin ruwan," in ji Gwaggo. "Ga shi har barci ya ɗauke ta."

Balaraba ta sunkuya ta shinshina. "Gwaggo, wannan ai gishiri kawai ya rage."

Labari ya kai rumfar Uba kafin azahar. Da la'asar sai ga shi ya zo da mutum biyar, sun sha rawani, suka zauna a zaure suka sunkuyar da kai.

"Shitu, ashe haka Allah ya yi da Kyaftin? Allah ya ba Misisi haƙuri. Ga jego ga takaba."

"Kai ka ga na yi kuka ne? Uwa da ɗa muka yi da kai, ba uba."

"Haka ne. Yaya marayun?"

"Suna nan sun fi ka lafiya."

Uba ya leƙa akwati yana motsa baki. "Da safe an ce min sun fi ashirin."

"Wasu suna barci."

"A ina? Ka kwashe musu ɗakin ka ba akuya."

Shitu ya kore su. Amma maganar ta zauna masa, domin kullum garin Allah ya waye sai ya ga marayu sun ragu. Da farko ya ɗora wa kyanwar maƙwabcinsa Mudi. Ya je har gida ya ce a fito da ita a shinshina bakinta. Mudi ya ce kyanwarsa ta mutu tun kaka, in yana so a tono ta sai ya kawo fartanya. Shitu ya ce to ai shi ke nan, kurwarta ce. Ya dawo ya rufe akwati da faifai, ya danne da dutsen niƙa. Washegari an sake raguwa.

Daga nan ya ce kambun baka ne, mutanen garin nan ba sa iya ganin abin arziki su ce tubarkalla. Ya hana kowa shiga zaure, ya lulluɓe akwatin da baƙin zanen Balaraba, ya rataya masa laya, ya turara gidan da hayaƙin da ya sa har jakinsa tari. Da ya yaye zane, jariran da suka rage ana iya ƙirga su da hannu ɗaya.

Sai ya ɗauko kulki ya zauna gadi tun daga fitowar rana. Da ya iya yin shiru ya kalli akwatin, da ya kama ɓarawon tun kafin kunu ya huce. Amma Shitu ba ya iya zama bai yi magana ba. Duk wanda ya gifta ƙofar gida sai ya juya wa akwati baya ya kira shi, ya ba shi labarin yadda ya taɓa kama ɓarayi bakwai a Kano da igiyar guga. Kafin ya gama labari ɗaya, an rage ɗaya.

Balaraba ta kawo masa fura, ta tsaya tana kallon Misisi.

"Maigida, ni dai abin da ya ɗaure min kai, garin abincinta ba ta ko kallonsa, amma kullum ƙara cika take."

"Jego ne ya karɓe ta. Hannuna ke nan. Duk abin da na riƙa sai ya yi kyau."

"To Allah ya sa ya karɓi yaran su ma."

A jajiberin suna, jariri ɗaya tak ya rage, wani ɗan ƙanƙani mai wayon tsiya da ya gano wata 'yar kusurwa a bayan ƙarfen akwatin ya maƙale a ciki. Shitu ya ji tsoro sosai, irin tsoron da bai taɓa ji ba. Ya shafa gashin bakinsa ya ji kamar yana sallama da shi. Amma da ya fita sayen goro sai ya ce wa mai goro da gangan ya rage su, domin a Ingila ɗa ɗaya ake bari, shi ya fi samun tarbiyya.

Ranar suna ƙofar gidan Shitu ta cika maƙil. Har daga Kiru da Bebeji an zo ganin kifin da ke jego. Liman ya aiko cewa yana da uzuri, kuma uzurin zai daɗe. Mai unguwa Hamman kuwa ya zo, aka shimfiɗa masa buzu a gindin ceɗiya. Uba ya zauna kusa da shi ya buɗe zabirarsa, ya jera asake a kan tabarma tun daga babba har ƙarama.

"Wannan ƙaramar ta askin jariri ce," ya ce. "Babbar kuma ta mai gida."

Shitu ya fito cikin babbar riga, gashin baki ya sha mai har yana ɗiga. Ƙarti biyu suka ɗauko akwati suka ajiye a kan turmi. Mai unguwa ya matso ya ƙura ido.

"Shitu, na ga uwar. Ina ɗan?"

"Ranka ya daɗe, ga shi can a lungu."

"Ni ban ga komai ba sai tsatsa."

"Ranka ya daɗe, tsatsar mai ido ita ce shi."

Jama'a suka fara gunaguni, na baya suna cewa a fito da shi fili kowa ya gani. Shitu ya karɓi tsinken tsintsiya, ya zura a kusurwa ya zungure ɗan maraya daga maɓoyarsa. Jariri ya fito tsakiyar ruwa, ƙiri-ƙiri, yana kaɗa 'yar wutsiyarsa.

Wuri ya ɗauki salati. Mai unguwa ya ce, "Ikon Allah! Wallahi ɗa ne." Mata suka rangaɗa guɗa. Uba ya yi tsuru-tsuru, ya dubi akwati yana auna nauyinsa da ido. Shitu ya buɗe hannuwa ya juya ga jama'a.

"Ina masu cewa Shitu maƙaryaci ne? Uba, naɗe gammo! Ku duba da kyau, ga uwa ga ɗa. Ku dubi yadda take nufo shi. Wannan ita ce ƙauna, wadda Bature bai san ta ba."

Misisi ta iso, ta buɗe baki, ta haɗiye ɗan.

Guɗa ta tsaya a maƙogwaron mata. Mai unguwa ya ɗago a hankali.

"Shitu, me na gani?"

"Ranka ya daɗe... kunya ce. Kunyar ɗan fari. Ta ga surukai sun taru."

"Ɗan fari?" in ji Uba. "Wannan ai auta ne. 'Yan farin tun tuni ta gama jin kunyarsu."

"Goyo ne!" Shitu ya daka tsawa, gumi yana bin gashin baki. "Ranka ya daɗe, goya shi ta yi. Kifi tana da zane ne? Tana da bayan da za ta ɗaura majanyi? A ciki suke goyo. In ya yi barci za ta sauke shi."

Mai unguwa mutum ne mai adalci, kuma rabonsa da nishaɗi irin wannan an daɗe. Ya gyara zama ya ce to a jira a sauke goyo.

Aka jira. Rana ta take, inuwar ceɗiya ta matsa, jama'a suka matsa tare da ita. Goro ya ƙare. Shitu ya durƙusa a gaban akwati yana lallashi ƙasa-ƙasa. "Haba Misisi. Haba 'yar albarka. Dubi abin da na yi miki. Wa ya ba ki kunu?" Misisi tana ta kai da kawowa abinta.

Can Gwaggo Dije, wadda ta kafa hancinta a jikin gilashi, ta ɗaga sanda.

"Ku matsa, naƙuda ce! Ga shi nan tafe!"

Aka yi caa a kan akwati. Lalle wani abu yana fitowa daga ƙarƙashin Misisi, siriri, baƙi, yana ƙara tsawo kamar zare. Ya yi reto, ya tsinke, ya sauka ƙasan akwati ya kwanta.

Shitu ya buɗe baki. "Ranka ya daɗe, in ka lura da kyau, ya ɗan rame ne saboda..."

"Uba," in ji mai unguwa, yana share hawaye da bakin rawani, "wannan jaririn ba shi da gashin da za a aske. Ɗauko babbar."

Ƙartin da suka ɗauko akwati su suka riƙe Shitu. Uba ya jiƙa hannu, ya yi bisimilla, ya kama ƙahon dama ya share shi da aska ɗaya. Sannan ya tsaya, ya ja da baya yana kallo, ya ce a ba shi ruwa ya sha tukuna, aikin lada ba a gaggawa. Sai da kowa ya more kallon Shitu da rabin gashin baki, har na Bebeji suka zagayo ta gaba, sannan ya ƙarasa na hagu. Leɓen da ya fito daga ƙarƙashi fari ne sol, ɗan ƙarami.

Shitu ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Dama," ya ce, "dama yanzu a Kano an daina yayinsa. Manyan Turawa duk..." Ba wanda ya ji ƙarshen, dariya ta cinye shi.

Ya juya ya shige zaure, ya wuce tsakar gida, ko a can ya sami wanda zai saurare shi. Balaraba tana tsugune tana tankaɗe. Ta ɗago ta ga mutum a kanta, ta yi wuf ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa bango.

"Subhanallahi! Bawan Allah, ba ka iya sallama ba? Koma zaure ka jira, maigidan ba ya nan."